Kamfani ya ɗaukar mini koci: shirin korata ake yi?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 42, ina aiki da wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano. Na yi shekara 11 a sashen sayarwa, kuma kusan kowace shekara ni nake fin kowa ciniki. Bara aka ɗaga ni na zama manajan yanki, da mutum 14 a ƙarƙashina, kuma tun daga lokacin ban sami kwanciyar hankali ba. Ina fita bayan sallar asuba, ba na komawa gida sai bayan isha'i, amma duk da haka cinikin yankin ya ja baya, yarana 3 sun ajiye aiki. Manyan dilolinmu na kasuwar Singa har yanzu ni suke kira kai tsaye, ni kuma ba na iya ƙin ɗauka. A cikin waɗanda nake shugabanta akwai dattijon da ya koya mini aikin nan. Ba ya kawo rahotonsa a kan lokaci, ni kuma ina jin nauyin yi masa magana, sai dai in zauna da dare in haɗa rahoton da kaina.

Makon jiya shugabar sashen kula da ma'aikata ta kira ni ta ce kamfani ya ɗaukar mini koci, wata ƙwararriyar mai horar da shugabanni, wadda zan riƙa ganawa da ita sau 2 a wata har tsawon wata 6. Daga Legas take, na girme ta, kuma na tabbata ba ta taɓa sayar da ko katan ɗaya na sabulu ba. Ina ganin wannan cin fuska ne. Ina zargin an turo ta ne ta riƙa kai rahotona sama kafin a sallame ni, kuma idan abokan aikina suka ji, dariya za su yi mini. Wani abokina ya ce in ƙi amincewa, ko in ajiye aikin tun da sauran mutuncina. Barci ya fara gagarata, ga ciwon kai kusan kullum. Don Allah me ya kamata in yi?

Daga wani ma'aikaci a Kano

Amsa

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a wannan matsayi, ya kuma ba ka ikon riƙe shi. Shawarata ita ce ka karɓi horon, ka jingine maganar murabus, amma ka shiga da idonka buɗe, da sharuɗɗa a rubuce, da kuma buƙatar da kai da kanka ka zaɓa. Abokinka ya yi maka magana ce irin ta masoyi wanda zuciyarsa ta hau saboda kai, sai dai ba shi zai biya kuɗin makarantar yaranka ba ranar da ka wayi gari a gida babu albashi.

Bari in fara da tsoron da ya fi ci maka rai. Kamfanin da ya yanke shawarar rabuwa da ma'aikaci yana da hanyoyi masu arha da yawa: takardar tuhuma, gargaɗi na farko da na biyu, ko a tura mutum wani reshe mai nisa har ya gaji ya tafi da ƙafarsa. Ɗauko ƙwararre daga waje a biya shi na wata 6 kuɗi ne masu kauri, kuma a bisa al'ada ba a kashe irinsu sai a kan wanda ake so a ci gaba da mora. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk da haka ba zan ce zarginka ba shi da tushe kwata-kwata ba, domin akwai ma'aikatun da ke mayar da horon wata shaida da za su ajiye a fayil, don gobe su ce sun yi iya ƙoƙarinsu. Zaman zullumi ba zai bambance maka biyun ba, sai tambaya. Ka koma wajen shugabar sashen ma'aikatan cikin ladabi, ka tambaye ta abin da ake so a ga ya canja a ƙarshen wata 6, da wanda zai auna, da ma'aunin da zai yi amfani da shi, sannan ka tambaye ta a fili ko horon yana haɗe da wani mataki na ladabtarwa. Idan ta amsa maka dalla-dalla, to hankalinka ya kwanta. Idan ta riƙa kwana-kwana, ka fara gyara takardunka na neman aiki a asirce, amma ko a nan ma kada ka ƙi horon, domin duk abin da ka koya a cikinsa naka ne, da shi za ka fita ƙofar idan fitar ta zo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka kuwa ba maganar kocin ba ce, yadda ka bayyana ranarka ne. Mutumin da ke fita bayan asuba ya dawo bayan isha'i ba malalaci ba ne, kuma wanda ya fi kowa ciniki shekara da shekaru ba za a ce bai san aiki ba. Matsalar ita ce har yanzu aikinka na da kake yi, alhali an ba ka wani daban. Wannan tsohuwar cuta ce a ma'aikatu. Tun a 1969 wani masanin ilimi ɗan Kanada, Laurence Peter, ya lura cewa akan yi ta ɗaga mutum saboda ya iya aikin da yake kai, har a kai shi matsayin da bai iya ba. A 2019 wasu masana tattalin arziki uku, Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue, sun buga binciken da suka yi a kan masu sayarwa a kamfanonin Amurka, wato mutane irinka sak. Sun gano cewa kamfanoni sun fi ɗaga wanda ya fi kowa ciniki, kuma sau da yawa irin waɗannan gwanaye ba sa yin manajoji nagari, domin cinikin waɗanda ke ƙarƙashinsu yakan yi ƙasa, yayin da waɗanda suka saba yin ciniki tare da wasu suka fi iya riƙe mutane.

Ka duba yadda abin yake faruwa a ofishinka. Kuna tsakiyar taron safiyar Litinin, wayarka ta yi ƙara, ka ga sunan wani Alhaji daga Singa. Ka ɗauka, ya ce, "Manaja, yaron nan naka bai san aiki ba, ka turo mini katan 200 kafin azahar." Ka ce, "An gama, Alhaji." A wajenka ka ceci ciniki. Amma yaron da aka ba wannan dilan yana zaune a gabanka, ya yi mako biyu yana zarya a shagon, kuma yanzu ya fahimci cewa shi ɗan aike ne kawai, maganarsa ba ta da nauyi a wajen Alhaji, wataƙila ma kamashonsa ya shiga ruɗani. Sauran 13 suna kallo, kowa yana lissafin nasa dilan. Alhaji kuma ya tabbatar da cewa ba ya bukatar kowa sai kai, don haka gobe ma kai zai kira. Ban san dalilin da ya sa yaranka 3 suka tafi ba sai abin da ka faɗa, amma matashi mai zuciyar nema ba ya daɗewa a inda ba a barinsa ya ƙulla ciniki da kansa. Hannu biyu gare ka, yankin kuma an tsara shi ne don hannun mutum 14. Irin wannan ɗabi'a, wadda mai ita yake ganin ta a matsayin ƙwazo, ita ce ainihin abin da ake ɗauko koci dominsa, domin taron bita na kwana uku a otel ba ya cire ta.

Ka ce matar ba ta taɓa sayar da ko katan ɗaya ba. Na yarda, amma ba a ɗauko ta don ta koya maka sayar da sabulu ba, wannan kai ne malaminta. Lokacin da Eric Schmidt ya zama shugaban Google a 2001, bayan ya riga ya shugabanci wani babban kamfanin manhaja, wani ɗan hukumar gudanarwar kamfanin, John Doerr, ya ce masa yana bukatar koci. Schmidt ya sha ba da labarin cewa abin ya ɓata masa rai da farko, yana ganin kamar ana nufin ya gaza. Wanda aka haɗa shi da shi, Bill Campbell, ba injiniyan kwamfuta ba ne, tsohon kocin ƙwallon Amurka ne a Jami'ar Columbia wanda daga baya ya shiga harkar kamfanoni, kuma shi ne ya riƙa zama da Steve Jobs na Apple ma. Daga baya Schmidt ya ce wannan na cikin shawarwari mafi amfani da aka taɓa ba shi.

Misalin da ya fi kusa da kai, a ganina, shi ne na Atul Gawande, wani likitan tiyata a Boston, wanda ya rubuta labarinsa a 2011. Bayan shekaru yana aikin fiɗa, ya lura cewa ya daina ƙaruwa, sakamakon ayyukansa ya tsaya cak. Sai ya roƙi wani tsohon malaminsa da ya yi ritaya ya zo ɗakin tiyata ya tsaya a gefe yana kallo kawai. Aka yi aikin da Gawande yake ganin ya tafi daidai, amma dattijon ya fito da takarda cike da abubuwan da ya lura da su: gwiwar hannun likitan tana ɗagawa sama ba tare da ya sani ba, abin da ke rage daidaiton hannu, fitilar ta kauce daga inda ake yanka, kuma yadda aka lulluɓe majinyacin ya takura wa mataimaki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da Gawande bai san hukuncinsa ba. Bai gan su ba ne kawai, saboda mai yin aiki ba ya iya tsayawa a gefe ya kalli kansa. Amfanin koci na farko ke nan, kuma ya fi kowane girma.

Yana da kyau ka bambanta wannan aiki da abin da muka saba da shi. A Kantin Kwari ubangida yana ɗaukar yaro ya zaunar da shi a shago, ya nuna masa yadda ake gane yadi da yadda ake karanta fuskar mai saye, ya ce masa yi kaza, bar kaza, har ranar da zai yaye shi da jari. Wannan hanya ce mai albarka, kuma dattijon da ke ƙarƙashinka irinta ya yi maka. Koci ba haka yake aiki ba. Yawancin zaman tambaya ce da sauraro, amsar kuma daga bakinka ake so ta fito, bisa hujjar cewa mutum ya fi riƙe shawarar da ya yanke da kansa fiye da wadda aka ɗora masa. Wani Bature ɗan Ingila, John Whitmore, tsohon mai tseren mota wanda ya yaɗa wannan sana'a a kamfanoni tun wajen 1992, ya shahara da wani tsari na tambayoyi huɗu da har yanzu ake bi: ina kake son zuwa, ina kake a yanzu a zahiri, waɗanne hanyoyi ne a gabanka, sannan wanne za ka bi kuma yaushe.

A ce ka kawo mata maganar dattijon. Za ta tambaye ka yadda kake so al'amarin ya kasance nan da wata guda, ka ce kana so ya riƙa kawo rahotonsa ranar Juma'a kamar kowa. Sai ta tambaye ka abin da ya faɗa lokacin da ka yi masa maganar, kai kuma dole ka amsa cewa ba ka taɓa yi masa ba. Ta sake tambaya: to ta ina zai san cewa jinkirin yana damun ka, tunda duk Litinin yana ganin rahoton ya tafi sama a kan lokaci? Daga nan ta tambaye ka abin da sauran ma'aikatan suke fahimta idan suka ga mutum ɗaya ba ya kawo nasa kuma ba a ce masa uffan. Irin wannan tambaya ba ta da daɗin ji, kuma ina yi maka albishir cewa za ka fito daga wasu zaman da gumi a goshi. A ƙarshe ba za ta bar ka ka tashi da "insha Allahu zan duba" ba, sai ka faɗi ranar da za ka yi maganar da wurin da za ka yi ta, kuma idan kun haɗu bayan mako biyu da wannan za ta fara. Sanin cewa akwai mai jiran jin yadda aka ƙare shi ne yake sa mutum ya aikata abin da ya yi wata tara yana ɗagawa.

A kan dattijon nan zan ɗan tsaya, domin a nan ne za ka fi ta sani, kuma wajibi ne ka fahimtar da ita. Mai yiwuwa littattafan da ta karanta sun ce shugaba ya zaunar da ma'aikaci a ofis, ya dube shi ido cikin ido ya faɗa masa kuskurensa. Kai ka san cewa idan ka kira wanda ya koya maka aiki, ka zaunar da shi a gaban teburinka ka karanta masa laifinsa, ka rasa shi ke nan, kuma ka zubar da ƙimarka a idon sauran, domin kowa zai ce matsayi ya sa ka manta alheri. Ka bayyana mata wannan a fili. Koci na gari zai karɓa ya tambaye ka yadda ake isar da magana mai nauyi ga babba a wajenku ba tare da an ci fuskarsa ba, kuma hanyar ka san ta. Ka same shi a gida ko bayan an idar da salla, ka ce, "Baba, wannan nauyi da aka ɗora mini ba zan iya shi ba sai da kai. Rahoton nan idan ya makara ni ake tuhuma, me ke kawo cikas in taimaka?" Ba ka san abin da za ka ji ba. Wataƙila sabuwar manhajar da ake cike rahoton a waya ce take ba shi wahala kuma yana jin kunyar tambayar yara, wataƙila kuma zuciyarsa ce ba ta huce ba tun ranar da aka tsallake shi aka ɗaga ka. Kowanne daga ciki yana da magani, amma zaman da kake yi da dare kana cike masa gurbi ba ya maganin ko ɗaya. Kara abu ne mai kyau, sai dai wadda kake yi yanzu tana hana shi damar gyarawa, kuma ranar da na sama suka gano da kansu, shi zai fi shan kunya.

Game da kasancewarta mace kuma ƙaramarka, ban ga abin damuwa a shekarun ba, tunda ba ka tambayar shekarun likitan da ke duba ka kafin ka sha maganinsa. Idan keɓewa da ita ce ba ka so saboda addini, wannan uzuri ne karɓaɓɓe, kuma yana da sauƙin warwarewa: ku zauna a ofis mai gilashi ko a bar ƙofa a buɗe, ko ku riƙa ganawa ta bidiyo, wanda yanzu ya zama ruwan dare a wannan sana'a.

Maganar kai rahoto sama ita ce wadda ba na so ka ɗauke ta da wasa. Kamfani ne ke biyan ta, don haka tambayarka tana kan hanya. Ƙa'idar sana'ar ita ce a yi zama na mutum uku tun farko, kai da ita da wakilin kamfani, a amince da manufar horon, a kuma rubuta abin da za a riƙa sanar da kamfani da abin da ba za a sanar ba. Abin da aka saba shi ne kamfani ya san ko kana halartar zaman da kuma inda aka kwana a kan manufofin da aka amince da su, amma abin da ka faɗa a cikin ɗaki, na tsoro ko na ɓacin rai ko ra'ayinka game da oganka, ya tsaya tsakaninku, in ban da abin da ya shafi karya doka ko barazana ga ran wani. Ka nemi a rubuta cewa duk rahoton da za ta aika sai ka fara gani. Idan aka ƙi wannan, ka ci gaba da zuwa, amma ka tsare harshenka, ka tsaya a kan maganar aiki zalla.

Ka kuma tambaye ta horon da ta samu, wannan haƙƙinka ne. Sana'ar ba ta da lasisin gwamnati irin na likita ko lauya, kowa na iya buga kati ya kira kansa koci, kuma shafukan sada zumunta cike suke da masu daɗin baki da ba su da komai sai kirari. Babbar ƙungiyar masu wannan aiki ta duniya, ICF, wadda aka kafa a Amurka a 1995, tana ba da shaida hawa uku: na farko yana bukatar aƙalla awa 60 na karatu da awa 100 na horar da mutane, na biyu awa 125 da awa 500, na ƙoli kuma awa 200 da awa 2,500, kuma mambobinta suna da dokar riƙe sirri da suka yi alkawarin bi. Takarda ba ita ce ƙwarewa ba, akwai gwanaye marasa ita, amma wadda ta san aikinta ba za ta ji haushin tambayar ba. A zaman farko ka lura da wanda ya fi yin magana a cikinku. Idan ita ce take ta zuba tana ba ka labarin nasarorinta da manyan da ta horar, to an sami matsala.

Ba na so kuma ka ɗora wa abin burin da ya fi ƙarfinsa. Wani bita da Rebecca Jones da abokan aikinta suka buga a Birtaniya a 2016, wanda ya haɗa sakamakon bincike 17, ya nuna cewa horon koci a wurin aiki yana da amfani a kan ƙwarewa da halayya da sakamakon aiki, amma amfani ne na gyaran mutum, ba ya gyara kasuwa. Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi, aljihun masu saye ya yi rauni, dilan da ke ɗaukar tirela ya koma ɗaukar rabi. Wani kaso na ja bayan cinikin yankinka daga nan yake, kuma babu kocin da zai mayar da shi. Saboda haka kada ka yarda a ce adadin ciniki kaɗai za a auna nasarar horon da shi. Ka nemi a kwatanta yankinka da sauran yankunan kamfanin, a kuma saka ma'aunan da ke hannunka, kamar yawan dilolin da suka koma hulɗa da yaranka kai tsaye, da zuwan rahoto a kan lokaci, da tsayawar ma'aikata a bakin aiki. Haka nan koci ba likita ba ne. Rashin barci da ciwon kai na kullum a shekara 42 abu ne da ya kamata ka kai asibiti a wannan makon, a auna jininka, kada ka jira wata 6 ka ga ko horo zai kore su.

Dariyar abokan aiki ita ce mafi sauƙi a cikin damuwarka, domin ɓoyewa ce ke ba ta ƙarfi. Ka riga kowa faɗa. A taron Litinin ka ce wa mutanenka kamfani ya haɗa ka da mai horarwa don ka ƙara iya shugabanci, kuma akwai abu ɗaya ko biyu da kake son gyarawa, ka ambace su. Wanda ya faɗi abinsa da bakinsa ya kashe kasuwar masu tsegumi. Mai yiwuwa kocin ta nemi jin ra'ayin na ƙasa da kai game da yadda kake tafiyar da su, kuma a nan sai ka daure. Wani babban bita da Kluger da DeNisi suka yi a 1996 ya nuna cewa a fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokutan da aka gaya wa ma'aikaci yadda aikinsa yake, aikin nasa baya ya yi maimakon gaba, musamman idan hankalinsa ya bar aikin ya koma kan mutuncinsa. Idan ka ji an ce ba ka sakin aiki, kada ka tsaya binciken wanda ya faɗa, ka tambayi kanka a wane aiki ne, kuma wa za ka sakar wa shi a wannan makon.

Akwai wata riba da ba a cika ambata ba, kuma ina ganin ita kamfaninka ya fi hange. Lokacin da Google ya fara binciken manajojinsa a 2008 don gano abin da ya bambanta nagari da sauran, halin da ya zo na farko a cikin takwas shi ne manaja ya iya horar da na ƙasa da shi, ƙwarewar fasaha kuma ita ce ta zo ƙarshe. Don haka ka riƙa lura da yadda matar take yi maka tambaya, domin kai ma haka za ka koma yi. Idan yaro ya shigo ya ce Alhaji ya ƙi biyan bashi, maimakon ka ɗauki waya ka kira Alhajin, ka tambaye shi abin da ya gwada da abin da yake ganin ya rage, ka bar shi ya koma. Shi kuma Alhaji idan ya kira ka, ku gaisa da kyau, ka ce masa wane ne ke riƙe da harkarsa yanzu kuma kana bayansa, zai iso shago kafin azahar. Zai yi ƙorafi sau ɗaya ko biyu, ƙila ma ciniki ɗaya ya suɓuce a farko, kuma ya kamata ka sanar da oganka tun da wuri cewa kana wannan sauyi don kada ya ga giɓin ya yi masa wata fassara.

Kafin zaman farko, ka ɗauki mako guda kana rubuta abin da ka yi a kowace awa ta aiki, sannan ka yi alama a kan duk abin da wani daga cikin mutum 14 ɗin nan zai iya yi. Ka tafi da wannan takarda, tare da buƙatu biyu kacal, dilolin Singa da dattijon, kada ka jibga mata matsalolin duniya gaba ɗaya. Ka kuma nemi a saka a yarjejeniyar cewa bayan zama na uku za ku duba ko jininku ya haɗu. Idan bai haɗu ba, kana da damar neman a sauya maka wani kocin ba tare da an ɗauke shi a matsayin ƙin horo ba.